Tambayi Likita: kumburin ƙarƙashin muƙamuƙi, kunne mai ruwa da maganar beli

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Ni direban babbar mota ne shekarata 41, kusan wata biyar kenan duk sanda na fara cin abinci sai ƙarƙashin muƙamuƙina na hagu ya kumbura kamar an cusa ƙwai, ga zafi, bayan awa ɗaya ko biyu kuma sai ya saɓe da kansa. Da azumi abin yafi tsanani, ina kurɓar kunun tsamiya yake tashi. A tasha ance min hangum ne, wanzaminmu kuma yace inzo ya tsaga ya zuƙe. Ya zanyi? Daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Kafin komai, kar ka bari aska ta taɓa wajen nan, zan faɗa maka dalili.

Wannan bai yi kama da hangum ba. Hangum ƙwayar cuta ce ta bairos da ake ɗauka ta tari da yawu, yafi kama yara, yana zuwa da zazzaɓi, kumburinsa a gaban kunne yake kuma sau da yawa gefe biyu, cikin kwana 7 zuwa 10 ya tafi abinsa. Baya tashi da cin abinci ya kwanta bayan an gama, baya wata biyar. Abin da ka kwatanta yafi kama da tsakuwa a hanyar yawu.

Mutum yana da manyan ma'ajiyar yawu guda shida, uku kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya ƙarƙashin harshe, kuma a wuni guda suna fitar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Ta ƙarƙashin muƙamuƙin nan ita ce mai yawan yin tsakuwa, kusan 8 cikin 10 a nan ake samu, saboda yawunta mai kauri ne ga sinadarin kalsiyam da yawa, sannan bututunta hawa yake yi sama kafin ya ɓullo a ƙarƙashin harshe. In tsakuwa ta tokare bututun, kana ɗanɗana tsami yawu zai taso da ƙarfi ya rasa hanya, sai ya taru ya kumbura, daga baya ya riƙa tsiyayewa a hankali ta gefen tsakuwar shi yasa kake ganin ya saɓe. Ga aikinka kuma, na san direbobi da rage shan ruwa dan kar a riƙa tsayawa fitsari a hanya, ga zafin rana ga azumi, yawu sai ƙara kauri yake.

Yanzu ka yawaita shan ruwa sosai, ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka riƙa gasa wajen, ka murza da yatsa daga baya zuwa gaba wajen haɓa, tsotsar lemon tsami ma tana taimakawa duk da zaka ji zafi. Ƙaramar tsakuwa takan fito da kanta, na taɓa ganin wani dattijo da ya kawo tasa a ƙulle cikin leda, fara sol kamar ƙwayar shinkafa, yace yana alwala yaji ta a kan harshe. Amma wata biyar ya isa, kaje asibiti ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro a yi maka hoto. In tana kusa da bakin bututun ta cikin baki ake cirewa da allurar kashe zafi, ko kwana ba sai kayi ba. In kaga wajen yayi ja, zazzaɓi ya shigo ko kana jin ɗanɗanon mugunya a baki to ranar zaka je, kar ka jira.

Batun tsaga kuwa, a daidai wajen akwai jijiyar jini babba da kuma siririyar jijiya mai motsa leɓen ƙasa, in aka yanke ta baki ya karkace kenan, kuma ita tsakuwar tana can ciki ƙaho bazai zuƙo ta ba.

Bari in ƙara wannan dan sauran masu karatu tunda yana damuna. Akwai wani kumburin daban, ƙullutu a gaban kunne ko ƙasan kunne mara zafi, baya saɓewa, yana girma a hankali shekara da shekaru. Mafi yawansu ba ciwon daji bane, amma sai an tsira siririyar allura an ɗebi ɗan abin ciki an duba a na'ura sannan a sani. Mutanenmu sai ya kai girman lemo suke zuwa, bayan an sha sakiya da shafe-shafe. In ƙullutun ya fara zafi ko girma da sauri, ko gefen fuska ya saki ido baya rufuwa, wannan na gaggawa ne.

TAMBAYA: Likita yarona ɗan shekara 4 tun bayan da yayi ƙyanda kunnensa na dama yake zubar da ruwa mai wari, ya tsaya ya dawo, mun ɗiga man zaitun da ruwan albasa har maganin ɗigawa na kemis ba sauƙi, kakarsa tace in ya girma zai daina. Yanzu sai na kira shi sau uku kafin ya juyo. Wata uwa daga Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa jimlarki ta ƙarshe ita ta tsaya min a rai, yaron nan jinsa ya fara raguwa a daidai shekarun da yake koyon magana. Duk kunnen da ya wuce sati 2 yana ruwa to kusan ko yaushe dodon kunne ne ya huje, mugunyar daga bayansa take fitowa. A yara bututun da ya haɗa kunne da bayan hanci gajere ne kuma a kwance yake, shi yasa mura ko ƙyanda ke saurin hayewa kunne, hayaƙin itace a ɗaki ma yana ƙara abin.

Ki daina ɗiga mai da albasa daga yau, tunda akwai huji duk abin da kika zuba can ciki yake wucewa. Maganin kemis ma ba kowanne ba, irin masu gentamicin suna iya lalata ji in dodon kunne a huje yake. Ki samu tishu mai tsabta ki murɗa shi yayi tsini, ki sa a hankali ya tsotse ruwan, ki canza wani har ya fito a bushe, sau 3 a rana. Banda tsinken ashana banda gashin kaza. Lokacin wanka ki toshe kunnen da auduga da aka shafa wa basilin, kuma kar ya shiga kududdufi da damina. A asibiti zasu wanke kunnen su leƙa girman hujin su bada ɗigon da ya dace, yawanci ciprofloxacin, sannan ki roƙa a gwada jinsa. Ƙaramin huji yakan toshe da kansa in kunne ya bushe, babba kuma ana iya yi masa faci da tiyata in ya ƙara tasawa. A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wannan aikin shi ne nasu.

Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa ciwon yana iya cin ƙashin bayan kunne ya kai ga sanƙarau. Kumburi a bayan kunne, ciwon kai mai tsanani, amai, sandarewar wuya, ko da tsakar dare ne a tafi.

TAMBAYA: An haifa min 'ya, dangi sun matsa a cire mata beli kafin suna, wai in an bari zai hana ta shan nono. Miye gaskiya? Daga Zariya.

AMSA: Allah ya raya ta Malam. Beli halitta ce kowa da nasa, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, baya hana shan nono kuma baya kumbura ya fashe ya kashe yaro. Jaririya 'yar kilo 3 duk jinin jikinta bai wuce kofin shayi ɗaya ba, ɗan abin da zai zuba ko ta haɗiye mai yawa ne a wajenta, ga haɗarin tetanus da ciwon hanta daga ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Na karɓi jariran da aka kawo fari fat kwana ɗaya bayan yankan, wasu sai da ƙarin jini. In ta ƙi kama nono ma'aikaciyar jinya zaku kai wa ta duba ta. Ka samu wanzamin da kanka tun kafin ranar, ka bashi haƙƙinsa cikakke yayi askin suna ya bar maƙogwaron, in kai uban ka faɗa da bakinka dangi sun fi saurin haƙura fiye da a bar mai jego ita kaɗai da su.