Me ya sa ake raba bayanan ƙasar ƙanƙara kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa. An ce mana awon da masana ke yi a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, kowa na iya sauke shi a intanet ba ko dala. Ta yaya ƙasa za ta kashe maƙudan kuɗi sannan ta bayar kyauta? Kuma mu da rana ke gasawa, ina ruwanmu da ƙanƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya aka faɗa muku, kuma ba tsabar kirki ya sa ba, yarjejeniya ce. A 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Antatika a Washinton, Afirka ta Kudu kaɗai ce daga nahiyarmu. Sashe na 3 ya wajabta musayar abin da aka auna da sakamakon bincike, a bar su ga kowa. Wurin da isa gare shi ke da matuƙar wuya, ba ƙasar da za ta iya aune shi ita kaɗai.

Sai dai zuba lambobi a intanet shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen bayanin da ke rakiyarsu: wa ya auna, a ina, ranar yaushe, da wace na'ura, an gyara saitinta ko ba a gyara ba. Lamba babu wannan kamar buhun iri ce da ba a san daga gonar da ya fito ba, wa zai shuka? Shi ya sa rumbuna irin su PANGAEA a Jamus ke da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su tantance, su ba kowane tarin bayanai lambar shaida ta dindindin, wato DOI, don wanda ya sha sanyin ya samu a ambace shi. Sau da yawa akan ba mai binciken wa'adi, kamar shekara biyu, ya fara wallafa nasa. Wasu kan ja ƙafa fiye da haka, ni kuwa rowa nake kiran wannan, tunda da kuɗin jama'a aka yi tafiyar.

Dubi tashar bincike ta Halley da Birtaniya ke da ita a Antatika. Tun shekarun 1950 suke auna iskar ozon, wadda ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, shekara bayan shekara, ba wanda ya damu. Da wannan tsohon lissafi aka gano ɓular ozon a 1985, aka ƙulla Yarjejeniyar Montiriyal ta rage sinadaran da ke lalata ozon a 1987. A Dome C kuma, wani tudun ƙanƙara a Antatika, an haƙo ƙanƙarar da ta adana kumfar iskar shekara 800,000, kuma lambobinta suna nan a buɗe.

Batun ina ruwanmu, ai ruwan namu ne a ciki. Idan ƙanƙarar Girinlan, tsibirin da ke can arewacin duniya, ta narke da yawa, ruwan daɗi na iya rage ƙarfin zagayawar ruwan tekun Atlantika, damina ta ja baya zuwa kudu ta bar Sahel. Mai noman muskuwari, wato dawar rani, a Diyamare ta arewacin Kamaru da masunci a Tafkin Chadi su za su fara ji a jikinsu.

Ka fara da rumbun NSIDC, cibiyar bayanan ƙanƙara ta Amurka, inda awon ƙanƙarar teku ta tauraron ɗan'adam ya faro daga 1978. Fayilolin hotuna suna cinye data, don haka ka nemi ƙananan jadawalai na wata-wata, ka karanta takardar bayaninsu kafin ka jera su da awon ruwan saman Marwa.