Karɓar kuɗi ta waya a shago

Malam, ka ce kana da shagon hatsi a Garoua, kana tambaya ko ka fara karɓar Orange Money da MoMo, wato kuɗin waya na kamfanonin Orange da MTN, ko ka tsaya kan tsabar kuɗi. Ni dai na ce ka karɓa, yanzu ko mai mashin sai ya ce maka turo kawai, kuma ka huta da neman canji, ka san yadda ƙananan silalla suka yi wuya a kasuwa.

Amma ka yi lissafi tukuna. Tun Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta sa harajin 0,2% a kan turawa da cirewa, wato sefa 200 kenan a cikin 100.000, ban da ladan kamfani, to idan ribarka a buhun masara ba ta da yawa za ka ji a jikinka wallahi.

Abin da ya fi damuna ƴan damfara ne. Ni an taɓa nuna min saƙo wai kuɗi sun shiga, na auna wa mutum shinkafa ya tafi, ashe shi ya rubuta abinsa. Kar kaya su fita sai ka danna #150# a layin Orange ko *126# a layin MTN ka ga kuɗin da idonka. Ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke kuwa sai haƙuri, shi ya sa nake riƙe layi biyu.