Shin tsohuwar tsaga ce ke nuna inda nahiya za ta rabe?

Kana tambaya ko nahiya na rabewa ne a inda ɓawon ƙasa ya taɓa karyewa. Galibi haka ne. Idan ɓawon ya sha ja, tsohon rauni ke fara saki, kamar riga da ke yagewa ta ɗinki.

Dubi Gabashin Afirka: tsagewar ƙasa da ke can ta kasa ratsa tsohon ɓawon ƙasa mai kauri da ke Tanzaniya, sai ta rabu biyu ta bi gefunansa. Arewacin Tekun Atlantika ma ya buɗe ne kusa da inda wani tsohon teku ya rufe, kamar yadda masanin kimiyyar ƙasa Tuzo Wilson ya nuna a 1966.

Amma kada ka ɗauka kowace tsaga ke farfaɗowa. Sai kwanciyarta ta dace da ɓangaren da ake jan ɓawon. Wani lokacin sabuwar tsagewa kan ratsa tsohuwar ta wuce. In wani yanki kake nazari, nemi masanin duwatsu ya duba maka taswirar ƙarƙashin ƙasarsa.