Ganyen kratom, tirela da takardar da ke hannun hukuma

Wani direban tirela a Amurka ya rubuto mana. Ciwon baya ya sa likita ya ɗora shi a kan oxycodone, ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi, yanzu jiki ya saba. Abokin aikinsa ya nuna masa garin kratom a shagon gidan mai, ya ce ganye ne, zai raba shi da ƙwaya. Takardarsa ta neman izinin zama na dindindin tana hannun hukuma. Yayansa kuma kullum waya: kada ya kuskura ya ajiye mota don jinya, gini bai kai linta ba.

Ƙanena, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya.

"Ganye ne" ba hujja ba ce, wiwi ma ganye ne. Kratom itace ne na ƙasashen Tailan, Malesiya da Indunisiya, dangin itacen kofi, manoman can sun daɗe suna tauna shi don jure aikin rana. Sinadarinsa, mitragynine, yana kama wurin da oxycodone ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake kwantar da ƙishin ƙwaya, shi ya sa kuma in ka bari sai zufa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso. An gudu ba a tsira ba. FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba ta amince da shi a matsayin maganin komai ba, kuma haɗa shi da oxycodone na iya danne numfashi.

Amma tarkonka yana kan titi ne. A 2016 DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ta yi shelar za ta haramta shi, mutane suka yi ca, ta janye. Sai kowace jiha ta bi ra'ayinta. Alabama, Arkansas, Indiana da Wisconsin sun haramta. Ka saya lafiya lau da safe, ka jefa ledar kusa da kujera, la'asar ta same ka a wurin awon motoci a Indiana, ɗan sanda ya leƙo. Fom ɗin I-485 na neman izinin zama da ka cike yana tambaya ko an taɓa kama ka, kuma ranar intabiyu za a sake tambaya.

Nan ne ejan masu cike wa mutane takardu ke halaka 'yan'uwa. Na ga wani da ejan ya ce masa ya amsa "a'a" tunda ƙaramar magana ce. Hoton yatsunsa ya tona. Kamun da lauya zai iya kare shi a kai ya koma ƙarya ga hukuma, ita kuwa tana iya rufe ƙofa har abada. Ejan ya kashe waya. In wani abu ya faru, lauyan shige da fice mai lasisi kaɗai za ka nema.

Koma wurin likitanka ka faɗa masa gaskiya. Akwai rage ƙwaya sannu a hankali, akwai maganin buprenorphine da aka tanada don wannan. Ka tambaye shi yadda maganin zai shafi takardar lafiyarka ta tuƙi.

Shi kuwa Yaya, da girmansa, bai kyauta ba. Bulo ba ya ruɓewa. Mutumin da ke haɗiyar ƙwaya don ya iya zama awa 11 a bayan sitiyari ba shi ake tambaya kuɗin kwano ba. Ka ci gaba da aika na cefanen mahaifiya, ka gaya masa cikin ladabi cewa gini ya tsaya sai likita ya sallame ka.