Hukuncin Sayen Katako Tun Gini Bai Kai Rufi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gina gida, kuma sai nan da 'yan watanni nake sa ran mu kai rufi. Farashin katako ba ya zama wuri ɗaya, yau ya hau, gobe ya ɗan sauka, jibi ya sake tashi. Mai katakon da nake hulɗa da shi ya ce in ba shi rabin kuɗi ya tsayar mini da farashin yau, ranar da kaya suka iso in cika sauran, don a yanzu ba shi da irin wanda nake so. Sai wani abokina ya ce sayen kaya a ajiye don gudun tsada ɓoye kaya ne, kuma rashin tawakkali ne. In katakon ya yi saura kuma ina so in sayar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya.

Ɗan'uwa, abin da ya tayar maka da hankali ba shi da matsala, abin da ka ambata a wuce shi ne yake buƙatar gyara. Saye da wuri halal ne. Amma ka ce rabin kuɗi za ka bayar, kuma katakon babu shi a hannun mai sayarwa. A nan hukuncin ya canja.

Sayen abin da babu shi a yanzu, a siffanta shi, a yanka ranar kawo shi, shi ne cinikin salam, kuma babu saɓani a kan halaccinsa. Sharaɗinsa mafi girma shi ne a biya kuɗin duka tun a farko. Malikiyya sun yi sauƙin jinkiri na kwana biyu ko uku, kamar yadda ya zo a Risala, ba wata da watanni ba. Idan ka biya rabi ka bar rabi, to wancan rabin ya zama kai ana bin ka kuɗi, shi ana bin sa katako, wato bashi a kan bashi, wanda malamai suka haɗu a kan hana shi. Dalilin a fili yake: ranar da farashi ya tashi shi zai fara neman hanyar zillewa, ranar da ya faɗi kai ne za ka ji ana cutar ka.

Mafita mai sauƙi ita ce kuɗin nan da ke hannunka ka sayi rabin katakon da su, ka biya su cif. A rubuta nau'in itacen, da kauri da faɗi da tsawo, da adadi, da cewa busasshe ne ko ɗanye, da ranar kawowa da wurin miƙawa, a sa shaidu. Kada wa'adin ya zama "in mun kai rufi", domin ba rana ba ce sananniya. Ɗaya rabin ku bar shi a matsayin magana kawai, ku yi cinikinsa idan lokaci ya yi. In kuwa mutumin shi ne yake yankawa ya goge maka bisa awon da ka ba shi, wannan kwangilar ƙera kaya ce, istisna'i, wadda Hanafiyya suka yarda a jinkirta kuɗinta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta amince da haka a zamanta na Jidda a 1992. Amma wanda yake sarowa ya sayar bai shiga wannan babi ba, ko da ya kira cinikin da wani suna.

Sai maganar abokinka. Na san akwai masu wannan fahimta, kuma niyyarsu kyakkyawa ce, amma kuskure ne. Ba zan ce maka ai katako ba abinci ba ne, don haka hanin ɓoye kaya bai shafe shi ba, domin Imam Malik yana ganin ɓoye kaya ya shafi duk abin da riƙe shi zai cutar da kasuwa, kuma wannan ne ra'ayin da na fi natsuwa da shi. Sai dai mai ɓoye kaya, wanda hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim ya kira mai saɓo, shi ne wanda yake kwashe abin da jama'a suke buƙata, ya kulle, yana jiran su matsu ya tsawwala musu. Kai kuwa rufin ɗakinka kake so. Ba kai ka jawo tsadar ba, tsira kake nema daga gare ta. Annabi (SAW) ya kasance yana ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banun Nadir, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Umar. In aka ce ai wannan daga dukiyarsa ne, ba daga kasuwa ya saya ba, to malamai sun riga sun yi magana a kai. Nawawi ya naƙalto daga Alƙali Iyad cewa mafi yawansu sun bambance tsakanin lokacin ƙunci da lokacin yalwa: a lokacin yalwa mutum ya sayi na shekara ko fiye, a lokacin ƙunci ya taƙaita kada ya matsa wa mutane. Wannan fa a kan abincin da rai ya dogara da shi ake magana. To ina ga katakon gida ɗaya? Iyakar da zan sa maka ita ce, in kaya sun yi ƙaranci ƙwarai har wasu sun tsaya da aiki, kada ka kwashe fiye da buƙatarka.

Batun tawakkali kuwa ya fi rauni. Annabi Yusuf (AS) shi ya tsara a tara hatsin shekara bakwai don shekara bakwai na fari, kuma babu wanda ya fi annabawa dogaro ga Allah. Abin da ke taɓa tawakkali shi ne mutum ya kasa barci saboda farashi, ko ya yi ta cizon yatsa bayan ya saya. Ina roƙon abokinka ya daina gaggawar haramta abin da bai bincika ba, domin irin wannan magana tana sa mutum ya bar halal, ya je ya faɗa bashin ruwa daga baya.

Bayan hukunci, ga shawara. Babu wanda ya san inda farashi zai dosa. A watan Mayu na 2021 katako a kasuwar Amurka ya haura dala 1,600 a kan ma'aunin da suke ciniki da shi, kafin Agusta ya ƙare ya faɗo ƙasa da dala 500. Wanda ya saya a tsorace a Mayu ya yi asara mai yawa. Saboda haka kada ka ci bashi don ka riga tsada, balle mai kuɗin ruwa, kuma kada ka taɓa kuɗin cefanen iyali ko haƙƙin magina. Sau da yawa nakan ga mutum ya tara kayan rufi alhali leburan da ya ɗaukar masa siminti yana bin sa kuɗin aiki, wannan zalunci ne komai kyawun lissafin.

Ka kuma tuna katako ba ƙarfe ba ne. In ka jibge shi a ƙasa, gara za ta shige shi ta ciki, ka ɗaga ka ga fatar kawai ta rage. In ɗanye ne ka bar shi a rana, zai tsage ya karkace har kafinta ya ƙi shi. A ɗora shi a kan abin da zai raba shi da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin jeri da jeri don iska ta ratsa, a kare shi daga ruwan sama, a shafa maganin ƙwari. Wanda ba shi da wurin yin haka, jinkiri ya fi masa, domin tozarta dukiya abin hani ne. In za ka bar shi wurin mai sayarwa bayan ya iso, a ƙirga a gabanka, a ware, a sa alama. Daga nan ya zama ajiya, in ya lalace ba tare da sakacinsa ba asarar taka ce.

Sauran da ya rage babu laifi ka sayar, kuma babu zakka a kan kayan da ka saya don gini. Amma in da gangan ka ƙara yawa don ka ci riba, wannan ƙarin ya zama kayan kasuwanci, hukuncin zakkarsu ya hau kansa. Kuma kada ka sayar wa kowa kafin ka karɓa a hannunka, don ka fita daga saɓanin malamai.

Allah ne mafi sani.