Hajiya mai ciwon suga da allurar korona: abin da muka gani a gidanmu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce Hajiyarku mai ciwon suga da hawan jini yau kwana huɗu tana tari da zazzaɓi, wasu a gida na cewa a kai ta a yi mata allurar korona, wasu na cewa ai mai suga ba ya ɗaukarta. Allah Ya ba ta lafiya. Ni ba likita ba ce, amma ni na yi jinyar Babanmu da ya kamu da korona a nan Bauchi a 2021.

Duka ɓangarorin biyu sun kauce. Allurar ta rigakafi ce, ba ta warkar da wanda ya riga ya kwanta, kuma ba a yi wa mai zazzaɓi sai ya warware. Abin da Hajiya ke buƙata yau gwajin korona ne.

Mu nan muka yi sakaci. Sau biyu muna sayo wa Baba maganin maleriya a kemis, jiki bai yi sauƙi ba. Sai ranar da aka kawo masa miyar kuka da ta sha daddawa, ya sunsuna ya ce shi bai ji ƙanshin komai ba, sannan hankalina ya tashi, don rashin jin ƙanshi na cikin alamun korona. A asibiti aka zura masa wani siririn tsinke mai auduga a hanci. Ya yi hawaye, ya yi atishawa, ya ce wa nas ɗin, "Yarinya, ƙwaƙwalwata kike nema?" Shi ke nan wahalar. Gwajin gaggawa bai wuce rabin awa ba sakamako ya fito. Ɗaya gwajin da ake kira PCR shi ne ake kaiwa ɗakin gwaji, a jira kwana ɗaya ko biyu. Ku nemi a haɗa da na maleriya, don suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. Lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232 ce, kiranta kyauta ne. Amma in kika ga numfashinta na yin sama-sama, ko ƙirji na ciwo, ko ta fara rikicewa, kada ki tsaya kiran kowa, ku wuce asibiti.

Batun mai suga kuwa, a baibai aka ɗauke shi. Da allurar AstraZeneca ta iso Najeriya a watan Maris na 2021, bayan ma'aikatan lafiya, tsofaffi da masu irin ciwon Hajiya aka sa a gaba, don su cutar ta fi kayarwa. Masu cewa babu korona a Bauchi kuma, ai Gwamna Bala Mohammed kansa ya kamu tun Maris na 2020.

Da Baba ya murmure muka kai shi asibitin unguwa aka yi masa allurar, ko sisi ba mu biya ba. Dantsensa ya yi tsami, ya kwana da ɗan zazzaɓi, parasitamol ya sha. Jikokinsa har cokali suka ɗora a wurin don su ga ko zai manne kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Ƙasa ya faɗo.

Ranar da za ku je a yi wa Hajiya allurar, bayan ta warware, ta karya kumallo, ta sha magungunanta yadda ta saba, ku kuma gaya wa nas duk abin da take sha. Katin da za a ba ta, ki ɗauki hotonsa a waya. Namu sai da muka birkice ɗaki kafin ya fito daga cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga.