Filin Tseren Bowman Gray: Amsa ga Ɗan'uwa Mai Tambaya daga Gida

Ɗan'uwa, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka ce ka ga bidiyon motoci suna ta kewaya wani ɗan fili cikin dare, suna gogar juna, dubban mutane a tsaye suna ihu, kana tambaya ko wannan ne wasan motar da samari ke yi a gida ranar biki, kuma me ya kai Hausawa wurin. Ba shi ba ne. Wasan mota na gida a kan titin jama'a ake yin sa, ba doka ba alƙali. Wannan kuwa tsere ne mai rajista, da alƙalai, da sikelin auna mota, kuma filin da ka gani ya girmi yawancin masu kallonsa.

Sunan filin Bowman Gray, yana garin Winston-Salem a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu da shi. Greensboro, inda 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka daɗe da zama, kusan kilomita 45 ne daga can. A cikin mutanenmu akwai kanikawa, akwai direbobin manyan motoci, akwai masu sayen motocin gwanjo suna turawa tashar Kwatano ko Lome. Wanda ya wuni a gareji tare da 'yan ƙasa ba zai rasa jin hirar tseren daren Asabar ba, kuma ta wannan ƙofar yawancin masu zuwa daga cikinmu suka shiga.

Asali ma ba don mota aka gina filin ba. A 1937 aka gina shi, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnati na buɗe ayyuka don mutane su samu abin yi. An sa masa sunan Bowman Gray, shugaban kamfanin taba na R.J. Reynolds wanda ya rasu a 1935. Filin ƙwallo ne, irin ƙwallon Amurka da ake rungumewa a ruga da shi, kuma har yau ƙungiyar jami'ar Winston-Salem State a nan take wasa. A kewayen ciyawar aka bar hanya mai tsawon kwata na mil, wato mita 400. Dawakai suka fara tsere a kanta, sannan ƙananan motoci a 1939, aka zuba mata kwalta a 1947. A watan Mayun 1949 Bill France da Alvin Hawkins suka shirya tseren farko na NASCAR, babbar ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, a wurin, shekara ɗaya bayan kafa ƙungiyar, Fonty Flock ya ci. Daga nan ya zama al'adar kowane mako, kuma babu wani filin mako-mako na NASCAR da ya kai shi daɗewa. Zuriyar Hawkins suka riƙe harkar fiye da shekara 70, har NASCAR ta karɓi hayar filin daga hannunsu a 2024. Mallakar filin dai tana hannun hukumar gari.

Ka riƙe wannan maganar ta filin ƙwallo, domin duk abin da ya ba ka mamaki a bidiyon daga ita ya fito. Filayen da aka gina musamman don tsere ana karkatar da wurin shan kwanarsu kamar gefen kwano, karkacewar ita ke riƙe mota idan ta shiga da gudu. Bowman Gray shimfiɗe yake kamar faifai, ga ƙunci. Ta ciki ciyawar 'yan ƙwallo, ta waje shingen ƙarfe da 'yan kallo dab da shi. Motoci mafi sauri suna gama zagaye cikin kusan daƙiƙa 13, wato wajen kilomita 110 a awa idan an daidaita. Gudun kusan na babbar hanya ne kawai, amma a cikin daƙiƙa 13 ɗin nan direba zai taka birki sau biyu, ya karya kwana sau biyu, da mota gabansa da wata a bayansa, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba.

Layin kirki guda ne, na ciki. Wanda ya kama shi, ko da motarsa ba ta kai ta na baya ba, zai iya tare hanya har a tashi. Saboda haka na baya yakan sa bambarsa ya ɗan zunguri na gaba daidai lokacin shiga kwana, motar gaba ta buɗe zuwa waje, shi kuma ya kutsa ta ciki. Idan zungurin na gwani ne, wanda aka ture matsayi ɗaya ko biyu kawai zai rasa, kuma kowa ya yarda wannan cikin wasa yake. Idan ya yi ƙarfi, ko ya sauka a gefen taya maimakon tsakiyar bamba, motar sai ta juya ta daki shinge, aikin wata guda ya lalace. Daga nan rigima ke tashi, har wani ya bi wani da mota cikin ciyawa don ramuwa. Shi ya sa ake yi wa filin laƙabi da Madhouse, wato gidan mahaukata. Ni a ganina wannan ɓangaren ne mafi rashin daraja a harkar, ko da yake shi ne aka fi yaɗawa a waya. Gwanintar gaske tana gareji.

Aji huɗu ake tsere a kowane mako. Stadium Stock su ne na masu farawa, ƙananan motoci masu silinda 4. Sai Street Stock, sai Sportsman, sai manya, Modified, waɗanda tayoyinsu masu faɗi suke a waje ba murfi, bodin kuma a ƙasa sosai. Kowace iri ce, aikin farko ɗaya ne. A cire kujeru da gilasan gefe da duk abin da zai iya kamawa da wuta. A yi waldar keji na bututun ƙarfe mai kauri, galibi inci 1 da kwata uku, ya kewaye direba. A rufe ƙofofi da walda, ta taga ake shiga, tagar kuma a sa mata raga don kada hannu ya fita idan mota ta kife. Tankin mai a canza shi da na musamman mai soso a ciki, wanda ba ya tarwatsa mai idan an buge shi. Bel mai maɗauri biyar, hular kwano, rigar da ba ta saurin cin wuta. A lagireto ruwa zalla ake zubawa, domin koren ruwan nan na sanyaya inji idan ya zube a kwalta santsi yake kamar kuɓewa.

Da yake hagu kaɗai ake juyawa, ba a gina motar ta tafi miƙe. Da gangan ake karkatar da ita. Ana ɗaure dunƙulen dalma a gefen hagu don nauyi ya koma can, gwargwadon abin da dokar aji ta yarda, yawanci tsakanin kashi 55 da 58 cikin ɗari. A ce mota kilo 1,200 ce, aka ba hagu kashi 56: kilo 672 ke nan a hagu, 528 a dama. Dalmar da ƙusoshi masu ƙarfi ake kama ta, a rubuta lambar mota a jikinta, domin idan ta faɗo cikin tsere tana iya huda motar da ke baya.

Sai maganar taya, wadda kanikawanmu suka fi tsayawa a kanta. A manyan ajin, tayoyin baya a kulle suke da juna, juyi ɗaya suke yi. To a kwana ta dama tana da tafiya mai nisa fiye da ta hagu. Maganin shi ne a sa ta dama ta fi ta hagu girman kewaye, a ƙaramin fili kamar wannan da inci 2 zuwa 3. Ka kwantar da bokiti a ƙasa ka tura shi, ai ba ya tafiya miƙe, wajen gindinsa yake lanƙwasa. Hikimar ke nan. Da tef ake auna kewayen kowace taya kafin a fita da bayan an dawo, saboda taya tana kumbura da zafi, ta dama kuma ta fi ɗaukar zafin. Bambancin da aka fita da shi ba shi ake gamawa da shi ba. Shi ya sa masu hali ke hura iskar naitirojin maimakon ta kwamfiresa, wadda danshin da ke cikinta ke sa iska ta hau ba bisa lissafi ba.

Cuta biyu ke damun motar tsere, masu abin suna cewa ta ɗaure ko ta saki. Ta ɗaure na nufin ka juya sitiyari amma gaba ya ƙi bin kwana, ya nufi shinge. Ta saki na nufin baya ne ke zamewa yana neman wuce gaba. Ana gyara su da ƙusoshin da ke kan sifirin: a ɗora motar a sikeli huɗu, a haɗa nauyin tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu. Ƙara wa wannan haɗin nauyi yana ɗaure mota, rage shi yana sakinta, kuma juyi ɗaya na ƙusa ya isa direba ya ji bambanci. Kuskuren sababbi shi ne su taɓa abu uku a lokaci guda, iska da sifirin da girman taya, sannan su rasa wanne ya gyara wanne ya ɓata. Wani kuskuren shi ne daidaita mota da rana tsaka a lokacin gwaji, a manta cewa da dare kwalta za ta huce ta ƙara kama taya.

Ba fashewar inji kaɗai ke fitar da mutane daga tsere a nan ba. Akwai birki da zafi. A tseren zagaye 200 an taka birki sau 400. Man birkin da ya kwana biyu ya sha danshi, da ya yi zafi sai ya tafasa, feda ta nutse har ƙasa ba abin da ta kama. Sabon mai da bututun kai iska ga faifan birki su ne rigakafi. Shi kuma mai yawan zunguri yakan lotsa hancin motarsa, iska ta daina isa lagireto, allurar zafi ta hau, ya fita da kansa. Bayan an gama, waɗanda suka zo kan gaba sai sun hau sikeli, a duba inji da taya. Wanda aka samu da rashin nauyi, ko ya jiƙa taya da sinadarin laushi, an ƙwace nasarar.

Manyan tseren NASCAR sun zauna a filin daga 1958 zuwa 1971, sau 29. A nan Richard Petty ya ci nasararsa ta 100 a 1969. Richard Childress, wanda daga baya ya zama babban mai ƙungiyar tsere, gyaɗa yake sayarwa a cikin 'yan kallo yana yaro. A tseren 1971 Bobby Allison ne ya riga kowa, amma da yake motarsa ta ƙaramin aji ce aka ƙi rubuta masa nasarar. Sai a watan Oktoban 2024 aka ba shi haƙƙinsa, ta zama ta 85, ya rasu a watan da ya biyo baya. Abin da ya raba filin da manyan tseren kuwa kuɗin gida ne: da kamfanin Reynolds, wanda na garin ne, ya fara ɗaukar nauyin gasar, aka rage tsere daga 48 zuwa 31 a 1972, aka zubar da gajerun. Manyan direbobin ba su dawo ba sai a watan Fabrairun 2025, a tseren buɗe shekara da Chase Elliott ya ci, bayan an sa sabon shinge mai shanye bugu da sababbin fitilu.

Cikin shekaru 50 da ɗoriya da manyan suka ɗauke ƙafa, 'yan gari ne suka riƙe filin, kuma gado ne kamar yadda dambe yake a gidan mahauta. Gidan Myers misali ne. Bobby Myers ya rasu a hatsarin tsere a Darlington a 1957, ɗan'uwansa Billy kuma zuciyarsa ta buga yana cikin tsere a Bowman Gray a 1958, amma zuriyarsu ba ta bar filin ba. Burt Myers ya ci kambun shekara fiye da sau 10, haka ma abokin hamayyarsa Tim Brown. Iyalai a kujerun kallo sun rabu tsakanin direbobi tun zamanin kakanni, kamar yadda ake rabuwa a kan 'yan kokawar jihohi a Nijar.

Ka kuma tambaya ko baƙar fata na da wuri a can. Gaskiya tarihin yana da tabo. A farkon shekarun 1950 Wendell Scott, baƙar fata daga Danville, ya jawo motarsa zuwa Winston-Salem, jami'an NASCAR suka hana shi shiga saboda launin fatarsa. Bai haƙura ba, a 1963 ya zama baƙar fata na farko da ya ci babban tseren ƙungiyar. Yau ƙofa a buɗe take ga duk mai tikiti, ko da yake mafi yawan masu cika kujerun nan 17,000 farare ne ma'aikata.

Mu dai yadda muke yi shi ne a tafi a ƙungiya, a ci abinci a gida kafin a fita, domin gasasshen naman da yankin ya yi suna da shi na alade ne. Ana shan giya a wurin, don haka mai iyali yakan zaɓi inda zai zauna da lura. Sallah sai an yi mata shiri: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8:40 na dare, tsere na tsaka, saboda haka a shiga da alwala, darduma tana mota. Ba a zuwa don caca. Kyautar direbobi daga kuɗin ƙofa da 'yan talla take fitowa, kuma sau da yawa ba ta biyan kuɗin tayar da aka cinye a daren. Yara a toshe musu kunne da abin toshewa, ƙarar Modified a cikin filin da kujeru suka kewaye tana iya yi wa ji lahani. Idan Allah ya kawo ka, ka daidaita tafiyarka tsakanin ƙarshen Afrilu da watan Agusta. Da an wuce nan ake kwashe kayan tsere, a ja layukan ƙwallo a ciyawa, filin ya koma hannun ɗaliban jami'a.